Wanda Bai Zo Taron Tsofaffin Ɗalibai Ba: Sharhi Kan Fim Ɗin Chhichhore da Kewar Jami'a

Zauren WhatsApp na 'yan ajinmu ba ya cika motsi sai an yi rasuwa, ko haihuwa, ko an ba wani daga cikinmu muƙami. Wani dare cikin hunturun da ya wuce, ɗaya daga cikinmu ya saka guntun wani fim na Indiya, bai rubuta komai a ƙarƙashinsa ba, amma kafin kiran assalatu mutanen da suka shekara ba su ce uffan ba duk sun fito. Wannan ya tuna ɗakin da muka zauna mu shida muna cin tukunya ɗaya, wancan ya tuna mai shayin da yake ba mu bashi har ƙarshen wata ba tare da ya rubuta a takarda ba, wata kuma ta tuna yadda suke shimfiɗa tabarma a waje cikin zafin watan Afrilu suna bitar darasi har dare ya raba. Na karanta saƙonnin duka, na ji abin da kowa ya ji, sannan na nemi fim ɗin na kalle shi daga farko har ƙarshe. Ina son in gane abin da ya sa labarin da aka shirya a Mumbai, da harshen da ba mu ji, kan ɗaliban da addininsu da tarbiyyarsu suka sha bamban da namu, ya hana magidanta da iyayen 'ya'ya barci a Sakkwato.

Sunan fim ɗin Chhichhore, wanda za a iya fassarawa da 'yan shiririta. Nitesh Tiwari ne ya ba da umarni, an fara haska shi a watan Satumba na 2019, kuma daga baya ya samu lambar yabo ta ƙasa ta Indiya a matsayin fim mafi kyau da aka yi da harshen Hindi a shekararsa. Labarin na wani magidanci ne mai suna Anni, wanda marigayi Sushant Singh Rajput ya fito a matsayinsa, da suka rabu da matarsa Maya. Ɗansu tilo, Raghav, ya daɗe yana shirin jarrabawar shiga manyan cibiyoyin koyon injiniyanci na ƙasar, sakamako ya fito bai samu ba, ya kasa jure tunanin cewa za a riƙa nuna shi a matsayin wanda ya faɗi alhali uwarsa da ubansa duk sun haye wannan siraɗi a zamaninsu, sai ya yi yunƙurin halaka kansa. A asibiti likita ya shaida wa iyayen cewa raunin mai tsanani ne, kuma abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne yaron ba ya nuna alamar son ci gaba da rayuwa. Uban ya rasa dabara, sai ya nemo abokansa biyar na ɗakin kwanan ɗalibai, waɗanda rabonsa da su an yi shekaru masu yawa, domin su zauna a gefen gado su ba yaron labarin 1992, lokacin da makaranta gaba ɗaya take kiran rukunin ɗakunansu gidan waɗanda ba su taɓa cin komai ba.

Wanda bai san Indiya ba zai iya ɗauka an zuzuta abin, amma lissafin jarrabawar ya isa shaida. Matasa sama da miliyan 1 ne suke zama zagayen farko na wannan jarrabawa da ake kira JEE kowace shekara, guraben da ke cikin cibiyoyi 23 da ake kira IIT kuwa ba su kai 20,000 ba. Shi kansa mai ba da umarnin a IIT ta Bombay ya yi karatu, saboda haka ɗakin kwanan da ya nuna ya san warinsa da hayaniyarsa. Mu ma muna da irin wannan ƙofa mai ƙunci. An kafa hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a a 1978, kuma a 2025 matasa kusan miliyan 2 ne suka zauna jarrabawarta, sakamakon farko da aka fitar a watan Mayu ya nuna sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Duk gidan da ke da yaro ɗan shekara 17 ko 18 a Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo ya san irin shirun da ke sauka a tsakar gida ranar da saƙon sakamako ya shigo waya.

Abin da ya fi jan hankalina a fim ɗin shi ne yadda aka gina labarin. Yana tafiya ne a lokaci biyu, ana barin ɗakin asibiti a koma makaranta, a sake dawowa, kuma idan mai kallo ya natsu zai lura cewa abin da ake nuna masa na 1992 labari ne da masu furfura suke bayarwa ga mai jinya, da niyyar su janyo shi ya dawo. Shi ya sa da ƙyar za ka ga allo ko malami yana koyarwa a makarantar da aka ce ta injiniyoyi ce. Abin da ya cika fim ɗin shi ne tsokana, da laƙabi, da wasanni, da soyayyar farko. Wani zai ɗauki wannan a matsayin gazawar marubutan, ni kuwa ina ganin sun faɗi gaskiya game da yadda zuciya take ajiya, domin da na koma na sake bin saƙonnin zaurenmu ɗaya bayan ɗaya, ban ga ko mutum guda da ya ambaci darasin da aka koya mana ba, alhali don darasin iyayenmu suka sayar da hatsi da dabbobi suka tura mu. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa idan aka ce wa dattijo ya tuno rayuwarsa, mafi yawan abin da zai kawo daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 yake fitowa, saboda a nan ne abubuwan farko suke taruwa: barin gida na farko, riƙe kuɗin kai na farko, abokin farko da ba iyaye suka zaɓa maka ba.

Kalmar da Turawa suke kiran irin wannan kewa da ita, wato nostalgia, wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ne ya ƙirƙiro ta a 1688, kuma cuta ya ɗauke ta, ciwon da ke kama mutanen Suwizalan idan sun yi nisa da gida. Bahaushe bai taɓa lissafa kewa cikin cututtuka ba, amma ya hango wani abu da ya fi wannan zurfi da ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A ganina wannan karin magana ce mabuɗin duk finafinan kewar makaranta. Anni bai tuna abokansa ba lokacin da aiki yake tafiya daidai, sai da aurensa ya mutu, ɗansa ya kwanta tsakanin rai da mutuwa. Mu ma da muka cika zaure da saƙonni a wannan dare, idan za a bi kowa gidansa, za a tarar da kuɗin haya da ya ƙarato, da kuɗin makarantar yara, da uwa mai jinya, da albashin da ba ya kaiwa tsakiyar wata. Nauyin yau ne yake ƙara wa jiya zaƙi.

Akwai misali na kusa da duk wanda ya yi karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a waɗancan shekaru zai tuna. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta cinye hanyar da ta haɗa gari da mazaunin jami'ar na dindindin, wajen Kwalkwalawa, har ta kai sai da kwale-kwale ake hayewa. Yau idan muka haɗu labarin ya zama na dariya: wane da ya ɗora jakarsa a ka yana ta salati, wane da ya rantse ba zai sake shiga ruwa ba ko da za a ba shi digiri a ƙetare. Amma a ranar babu mai dariya, kuma ga manoman fadamar Rima da ruwan ya tafi da shinkafarsu da ɗakunansu, wannan shekara ba ta taɓa zama labarin nishaɗi ba. Mu da muka haye muka tafi, kewa ta tace mana wahalar ta bar mana labari, su kuwa da suka zauna a wurin asarar ce ta zauna tare da su. Wannan bambanci zan dawo kansa, domin a nan ne nake da ja da fim ɗin.

Kafin nan, ya kamata a tambayi ainihin abin da ake kewa. Ba na jin gini ne, domin da yawa daga cikinmu muna wucewa ta gaban tsohon mazaunin jami'ar na cikin gari kusan kullum ba tare da zuciya ta motsa ba. Abin da ake kewa shi ne wani ɗan gajeren lokaci da aka yi zaman daidai wa daida. An kafa jami'ar a 1975, kuma tun daga farko ta haɗa ɗan Zuru da ɗan Gusau da ɗan Argungu da ɗan Ilori a ƙarƙashin rufi ɗaya. A ɗakinmu akwai ɗan babban ma'aikacin gwamnati, akwai ɗan mai gyaran babur, amma garau-garau ɗaya muke dafawa a kan risho ɗaya, kuma idan kananzir ya ƙare kowa garin kwaki da ƙuli-ƙuli yake jiƙawa. Fim ɗin ya kama wannan ta hanyar laƙabi: akwai wanda suke kira Mummy saboda kullum zancen uwarsa yake, akwai Acid mai kaifin harshe. Mu ma muna da Liman, wanda yake tashinmu sallar asuba ko muna so ko ba mu so, muna da Gwamna, wanda bai mallaki komai ba sai riga ɗaya mai guga. Laƙabi yana da aiki babba a irin wannan zama, domin yana cire wa mutum sunan gidansu ya ba shi wanda halinsa ya jawo masa. Shekaru goma sha wani abu bayan haka, a wurin wani ɗaurin aure, na ga ɗaya daga cikin 'yan ɗakin ya rusuna wa ɗaya yana cewa "ranka ya daɗe," shi kuma wancan ya kama hannunsa da sauri ya kira shi da tsohon laƙabinsa, amma duk wanda ke wurin ya ga cewa laƙabin ya yi wa bakinsa nauyi.

Wannan zumunci na ɗakin kwana ba sabon abu ba ne a tarihinmu, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920, wadda daga baya ta koma Kaduna sannan Zariya ta zama Kwalejin Barewa, ita ta yaye Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma Shehu Shagari ya yi karatu a cikinta lokacin tana Kaduna. Sanin juna da waɗannan mutane da takwarorinsu suka yi tun suna samari ya taka rawa a yadda aka tafiyar da mulkin Arewa. Sai dai su 'yan ƙalilan ne, kuma aiki ne yake jiransu a bakin ƙofa. Wanda ya gaji wannan hoto na makaranta, cewa duk wanda ya shiga ya fito ya zama wani abu, shi ne yake shan mamaki a yau.

Babban abin yabo a fim ɗin shi ne ƙarshensa. Su Anni sun ƙuduri aniyar wanke sunan rukuninsu ta hanyar cin gasar wasanni ta makarantar, kowannensu ya yi alkawarin barin abin da ya fi so har sai sun yi nasara, suka yi ta hawa har aka zo wasannin ƙarshe, komai ya rataya a kan jifa ɗaya ta ƙwallon kwando da ke hannun Anni. Ya jefa, ba ta shiga ba. Duk wanda ya saba da finafinan Indiya, kuma mutanen Arewa sun saba da su tun zamanin gidajen silima kafin a zo zamanin fassara a waya, ya san cewa al'adar ita ce ƙwallon ta shiga a daƙiƙar ƙarshe. Hana ta shiga da aka yi shi ne ya ba labarin amfani ga yaron da ke kwance, domin da ubansa ya ci, da abin da zai ji shi ne ga wani abu kuma da uba ya iya shi bai iya ba. Akwai kuma wurin da uban ya gane laifinsa, inda ya fahimci cewa ya tanadi yadda za a yi murna idan yaron ya ci, amma bai taɓa zama da shi sun yi maganar abin da za a yi idan bai ci ba. Wannan magana ta shafi kowane uba da kowace uwa a garin nan. Mun iya yi wa yaro alkawarin waya ko babur idan ya samu gurbin likitanci, amma kaɗan ne daga cikinmu suke gaya masa tun kafin jarrabawa cewa matsayinsa a gidan ba ya cikin abin da ake jarrabawa a kai.

Duk da haka, akwai abin da fim ɗin ya ɓoye, kuma na fi ganinsa ne a karo na biyu da na kalla. Mutane shidan da suka taru suna gaya wa yaron cewa faɗuwa ba ƙarshen duniya ba ce, dukansu sun iso asibitin da kamannin waɗanda duniya ta karɓa, da sutura mai kyau da alamar abin yi tsayayye. Gasar wasanni suka rasa, amma makarantar da suka rasa gasar a cikinta tana cikin waɗanda ake kokawar shiga, kuma takardar da suka fito da ita ta buɗe musu ƙofofi. Faɗuwarsu ta cikin gida ce, ta wanda ya riga ya shiga. Yaron kuwa a bakin ƙofa ya faɗi. Fim ɗin ya haɗa faɗuwa iri biyu ya kira su da suna ɗaya, kuma ya iya yin haka ne saboda bai gayyato ko mutum ɗaya da rayuwa ta kayar da gaske ba. A kowane taron tsofaffin ɗalibai, waɗanda suka zo su ne suke ba da labari, kuma yawanci waɗanda suke da abin nunawa ne suke zuwa.

A ɗakinmu mu shida ne, amma biyar ne muke cikin zauren. Na shidan ya fi mu duka kaifin ƙwaƙwalwa, shi yake warware mana lissafin da ya gagare mu, yana zaune a kan bokiti da ya kife yana rubutu a bayan tsohuwar takardar tambayoyi. Muna aji uku mahaifinsa ya rasu a ƙauyensu ta wajen Gwadabawa, ya bar mata biyu da ƙanne da yawa, shi ne babba. Ya tafi zaman makoki da niyyar dawowa bayan sadakar bakwai, ya dawo ya yi mako biyu, ya sake tafiya, daga nan sai labari. Bara na gan shi a tsohuwar kasuwa yana sa ido ana loda buhunan albasa a mota. Muka rungume juna, ya tambaye ni iyali, na tambaye shi su Inna, ya ce ƙannensa mata uku duk ya aurar da su, ƙaramin kuma yana Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, shi yake biya masa. Da na ce zan saka shi a zauren 'yan aji, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, bar ni dai. Ku da kuka gama ku ne 'yan aji." Ban matsa masa ba, amma tun daga ranar nake tambayar kaina wanene ya riga wani girma tsakaninmu da shi. Mu mun fito da takarda muna 'yan shekara ashirin da wani abu muna jiran a kira mu aiki, shi kuwa a wannan shekarun ya riga ya zama uban gida. Babu fim ɗin kewar jami'a da yake da wurin ajiye irinsa, domin shi jami'a ba bara ce mai daɗi a wurinsa ba, ƙofa ce da ta rufe yana kallo.

A nan ne ma'anar girma take rabuwa tsakanin fim ɗin da rayuwarmu. A fim ɗin, girma yana nufin ka gama makaranta, ka kama aiki, ka yi nisa da abokai, sannan wata rana ka gane abin da ka bari. Hanya ce miƙaƙƙiya, ko da akwai baƙin ciki a kanta. A wurin Bahaushe kuwa ba a auna girma da takarda ko da shekaru kawai, ana auna shi da ɗaukar nauyi: ranar da ka fara ba da kuɗin cefane, ranar da aka fara kiranka idan an yi rashin lafiya a dangi, ranar da aka daina kiranka yaron wane aka fara cewa gidan wane. Matsalar matashin da ya yi boko a yau ita ce tsakanin gama makaranta da wannan rana an samu wani dogon fili da ba shi da suna. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya ci kusan wata 9 a 2020, ya sake cin wata 8 a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, saboda haka karatun shekara huɗu ya zama na biyar ko shida ga ɗalibai da yawa. Bayan nan ga shekarar hidimar ƙasa, wadda aka kafa tun 1973, sannan ga zaman jiran aiki da ba wanda ya san ranar ƙarewarsa. Mutum ya haura talatin, ya wuce a kira shi ɗalibi, bai kai a kira shi magidanci ba, yana kwana a shagon ƙofar gidansu. Irin wannan idan ya ce yana kewar jami'a, ba garau-garau yake nufi ba. Yana kewar lokacin da idan aka tambaye shi me yake yi yana da amsar da zai bayar da kai a ɗage.

Haka kuma fim ɗin labarin maza ne. Maya tana nan, amma ba mu san ɗakinta ba, ba mu san ƙawayenta ba, ba a kira kowa daga cikinsu asibiti ba. A wurinmu wannan giɓi ya fi girma, domin 'yan ajinmu mata da yawa ba su san jami'ar da muke kewa ba. Wasu an ɗaura musu aure muna aji biyu, suka riƙa zuwa lacca da goyo, da ƙaramar yarinya mai riƙon jariri tana zaune a inuwar dogon yaro tana jira a fito. Wata da nake tunawa ta rubuta jarrabawar ƙarshe tana cikin jego, ko arba'in ba ta yi ba. Su ba su bar makaranta suka shiga girma ba, tare suka ɗauki biyun, kuma da na lura da zaurenmu a wannan dare, abin da suke tunawa ya sha bamban da namu: wadda ta riƙe musu jariri, wadda ta kwafa musu darasi ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. Idan masu shirya finafinan Hausa za su taɓa wannan fage da gaske, ba su buƙatar aron filin ƙwallon kwando daga Mumbai, labarin yana zaune a ƙarƙashin wannan bishiya.

Akwai wani abu mai nauyi da ba zan tsallake ba. A ranar 14 ga Yuni 2020, wata tara bayan fitowar fim ɗin, aka tarar da Sushant Singh Rajput ya rasu a gidansa da ke Mumbai yana da shekara 34. Mutumin da ya tsaya a gefen gado yana roƙon yaro ya riƙe rayuwa, shi ne ya tafi da ƙuruciyarsa, kuma tun daga lokacin masu kallo da yawa ba su iya kallon fim ɗin da idon da suka kalle shi da farko. Mu Musulmi mun san hukuncin kashe kai, mun kuma san falalar haƙuri da yarda da ƙaddara, kuma wannan garkuwa ce babba. Amma sanin hukunci bai ɗauke wa iyaye da 'yan'uwa nauyin lura da yaron da ya daina cin abinci, ya daina fita masallaci, ya rufe kansa a ɗaki bayan fitowar sakamako ba. Damuwa mai tsanani ciwo ce da ake kai wa likita, kuma yaron da aka saba ce wa namiji ba ya kuka shi ne wanda ya fi iya ɓoye ta.

Na ga wannan a gidan yayana. Ɗansa na fari ya zauna JAMB yana son karatun likitanci, makin da ya samu bai kai ba, kwana biyu ba a ga fuskarsa ba sai uwarsa ta ajiye masa abinci a bakin ƙofa ta dawo ta ɗauke shi yadda yake. Yayana mutum ne mai kawaici irin na iyayenmu, yana son ɗansa amma kunyar ɗan fari ba ta barinsa ya zauna da shi su yi doguwar magana, don haka ya kira ni. Na tarar da yaron a kwance ya juya wa ƙofa baya. Na zauna a bakin katifa, ban fara da nasiha ba. Na ba shi labarin kwas ɗin da na maimaita a aji biyu, wanda ko ubansa bai taɓa sani ba, sannan na ba shi labarin abokina na kasuwar albasa, ban rage komai ba, har da maganar da ya gaya mini. Ya daɗe bai ce komai ba, can ya juyo ya ce, "Baffa, shi yanzu yana jin haushin bai gama ba?" Na ce masa ban tambaye shi ba, amma idan yana so ranar Asabar sai mu je tare ya tambaye shi da bakinsa. Ya tashi zaune ya jawo kwanon abincin.